Baba Tela Bai Zo Ba

Idon hagu na Baba Tela ya tafi ne ba sallama. Bai yi ja ba, bai yi ruwa ba, bai taɓa hana shi barci ba. Wata rana da hantsi ya kanne na dama don ya daidaita bakin wani wando, sai ya ga duhu. Ya buɗe, ya sake kannewa, duhun na nan. Ya juya wajen 'yarsa Auta, wadda ke gefe tana sa maɓalli, ya ce, "Ke, da alama an ɗauke wuta a ɓangare ɗaya na gidan nan."

Dariya ta yi, don a zatonta wasa yake.

Likitan ido bai yi dariya ba. Ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya mutu, kuma abin da ciwon nan ya ci ba ya amayarwa. Na dama ake so a tsare. Ya ba su maganin ɗigawa safe da yamma, ya ce su dawo bayan wata ɗaya, in bai sauka ba sai aiki.

"Kada ku yi wasa da ranar," in ji shi, yana kallon Auta. "Kamar gara yake. Ta ciki yake ci, kuma ba ya ciwo."

Auta ta gyaɗa kai. Ita dama gyaɗa kai ta iya. Irin mutanen nan ce da in an taka mata ƙafa ita ke cewa a yi haƙuri. Tun rasuwar Inna ita ce a shago tare da Baba, tana zura masa zare a allura, tana guga, yana ta zuba da masu kawo ɗinki ita tana sauraro.

A cikin watan nan ɗaya ne asibitin ya kawo sabon tsari.

Da, sammako ake yi. Kowa ya ajiye katinsa a ƙasa ya danne da dutse, a yi ta cacar baki a kan wanda ya riga wani, zaure ya cika har numfashi ya yi wuya. Amma in ka daure, ko da la'asar ce, za ka ga likita. Yanzu an ce an daina wannan wahala. Saƙo za a turo maka a waya, da rana da lokaci. An yi wa zauren fenti, an sa sababbin kujeru da talabijin. A jikin bango aka rataye babban allo mai cewa ba wanda zai jira fiye da rabin awa. A bakin ƙofar fita kuma aka kafa wata na'ura mai fuska uku, koriya mai dariya, rawaya mai shiru, ja mai ɗaure fuska, kowa ya danna wadda ta yi daidai da ransa kafin ya fita.

Saƙonsu ya shigo wayar Auta: Talata, ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in.

"Ka ji zamani," in ji Baba. "Har da minti arba'in. Ni da nake ce wa mutane su dawo jibi, jibin ya kai mako biyu."

Duk da haka ƙarfe takwas ta yi musu a asibiti, don Baba ya ce gara ka jira rana da rana ta jira ka. A bakin zauren suka tarar da Maigadi a tsaye, da takarda a hannu, da waya a ɗaya hannun. Ya duba saƙon, ya nuna musu wata rumfar kwano can kusa da katanga.

"Can za ku zauna. In lokacinku ya yi, zan kira suna."

Auta ta leƙa ta gilashin ƙofar. Zauren fayau, mutum huɗu ne kawai a kan kujeru, fanka na kaɗa musu. Ta waiwaya rumfar. Duk taron da ta sani a zaure a da, ga shi nan, an kwashe shi ne kawai an zube a waje. Benci uku, sauran mutane a kan tubala da kwalaye, wasu a tsaye da auduga manne a ido.

Wani tsoho mai farar yana a ido ɗaya ya matsa wa Baba wuri. Direba ake ce masa, shekara talatin ya yi yana jan motar haya kafin ido ya sauke shi.

"Sabon shiga ne?" ya tambaya.

"Tela ne ni. Sha ɗaya da arba'in aka ba ni."

"To, Tela, ni tara da kwata aka ba ni, ga ni nan ina shan iska. Zauna. Nan tasha ce da ba a lodi."

Suka saba nan take. Direba ya ce a ɗinka masa riga mai aljihu goma, don ya samu wurin zuba saƙonnin asibiti. Baba ya ce shi ba ya yi wa makafi ɗinki, ba sa yaba aiki. Rumfa ta ɗauki dariya. Rana ta hau, kwanon ya fara zafi. Jefi-jefi wayar Maigadi ta yi ƙara, ya kira suna biyu ko uku. Sha ɗaya da arba'in ta zo ta wuce. Auta ta duba wayarta ta fi a ƙirga, amma ba ta tashi ba, tunda an ce za a kira.

Ƙarfe biyu Maigadi ya naɗe takardarsa.

"Likita ya shiga aiki. Sauran ku tafi, za a turo saƙo."

Bayan kwana uku saƙon ya zo. Auta ta karanta shi sau biyu kafin ta karanta wa Baba. An ce bai zo ba ranar Talata, an ba shi wata rana bayan mako shida, kuma ana roƙonsa ya riƙa mutunta lokaci.

Yaya, wan Auta, wanda ya biyo shagon daga garejinsu da baƙin mai a hannu, ya karɓi wayar ya duba.

"Ke Auta, anya kun je inda ya dace? Ko kin kai shi wajen masu haihuwa kuka wuni?"

"Mun je, Yaya."

"To me kika ce musu?"

Ta ci gaba da gugarta.

"Na sani. Kin gyaɗa musu kai."

"Rabu da ita," in ji Baba, ƙafarsa na kan keke. "Na'ura ce ta yi kuskure. Ni ma na sha ɗinke aljihu ban sani ba. Mako shida kamar gobe ne."

Maganin ya ci gaba da shiga ido safe da yamma. Sai dai Auta ta lura da abin da Baba bai faɗa ba. Da, in mutum ya tsaya a bakin shago, yana ɗinki zai gaishe shi da sunansa ba tare da ya ɗago ba. Yanzu sai mutum ya zo gabansa sosai. Almakashi na gefen hannunsa zai ce wa ya ɗauke masa almakashi. Kansa gaba ɗaya yake juyawa in zai duba abu, kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Ranar ta biyu, ƙarfe goma da minti ashirin aka ba su. Direba na nan a bencinsa.

"A'a, Tela! Kai ma ba ka zo ba?"

"Haka suka ce."

"Ni sau biyu ban zo ba. Yau ma ban zo ba. Wannan da kake gani fatalwata ce, rakiya na yi wa wani."

Wannan karon Auta ta daure ta buɗe baki. A hankali ta ce, "Baba Direba, me ya sa suke cewa ba mu zo ba?"

Ya juyo da idonsa mai gani wajenta. Ya daina wasa.

"Kin ga allon can na rabin awa? Babban ofis ne ya yi alkawari, kuma duk wata ana dubawa. Agogon jiranki yana fara tafiya ne daga lokacin da Mai Taga, matar da ke rajista a cikin zaure, ta buga a kwamfuta cewa kin iso. To in ta buga miki tun takwas, likita ya gan ki ƙarfe ɗaya, awa biyar ke nan, allo ya yi ƙarya. Shi ya sa ba ta bugawa sai likita ya kusa gamawa da na gabanki. Sannan ta kira Maigadi, ki shiga, minti goma kin ga likita, ki fito ki danna mai dariya."

"Wanda ba a kai kansa ba fa?"

"Wa ya buga masa isowa? Ai bai zo ba." Ya goge bakinsa da gefen hula. "Kuma ki kiyaye. In aka rubuta maka sau biyu, na'ura ta ɗauke ka marar kirki, sai ta jefa ka can ƙarshen layi. Ni wata huɗu aka ba ni. Amma tawa yana ce, ana cirewa ko badi. Na babanki fa?"

Auta ta tashi ta nufi ƙofa.

"Don Allah, Malam, so nake in yi magana da ta taga."

"An kira ku?"

"A'a."

"To koma rumfa, 'yata. In na bar ki, sai in bar mutum sittin."

Ta koma. Sha biyu ta yi. Ɗaya ta yi. Ta sake tashi, ya sake mayar da ita. Ƙarfe biyu da ya naɗe takarda mutane suka taso masa da hayaniya, sai ta raɓa ta bayansa ta shige. Ita kanta ba ta san ta iya ba.

Mai Taga mace ce mai matsakaitan shekaru, da tabarau a kan hanci. Tana cikin sa takalmanta da ta cire a ƙarƙashin tebur.

"An tashi."

"Anti, don Allah. Babana. Tun takwas muke waje. Wancan karon ma haka, aka ce bai zo ba. Ki buga cewa mun zo."

"In buga yanzu, wa zai gan shi? Likita ya tafi."

"Ki buga kawai an san mun zo."

Matar ta cire tabarau ta murza idanunta. Ba faɗa a muryarta, gajiya ce.

"Ƙanwata, zo ki gani." Ta juyo da allon kwamfutar kaɗan. "Gida biyu nake taɓawa. An gani, bai zo ba. Akwai na uku, wanda ya zo aka mayar da shi, amma wannan in na taɓa shi sau ɗaya, gobe da safe ina ofis ina bayani. Wadda ke kujerar nan kafin ni ta taɓa shi sau tara a mako ɗaya. Yanzu tana ɗakin wanki tana ƙirga zannuwa. Likita ɗaya ne, na'ura tana ba mutum saba'in rana. Ni na haife su?"

"Ido ɗaya ya rage masa."

"Kowa a rumfar can ido ɗaya ya rage masa." Ta ɗauki jakarta, ta ɗan tsaya. "Bar min lambar katin. Zan duba."

Auta ta rubuta lambar a 'yar takarda. Ta ga lokacin da matar ta sa ta a ƙarƙashin kofin shayi, tare da wasu takardun irinta.

A waje Direba ya ja su gefe.

"Tela, saurara. Akwai ƙofar gaggawa ta baya, can ba ruwansu da saƙo. Gobe ka je ka ce idon ya tashe ka da zafi kamar an zuba barkono. Ka riƙe kai, ka yi nishi. Dole su kira likitan ido."

"Amma ba ya zafi."

"Na sani ba ya zafi! Ka ce yana yi."

"Da furfurata? In je in yi wa yara ƙarya don in tsallake layi?"

"Wane layi? Ai ba ka cikin layi, ba ka zo ba!"

Baba ya yi dariya ya ce zai yi tunani. Da safe Auta ba ta ba shi damar tunani ba. Ta ɗauko masa hularsa da takalmi, ta ce, "Baba, tashi mu je." Ya dube ta da mamaki, ya tashi.

Ƙofar gaggawa cike take da warin magani da jini. Wata ma'aikaciyar jinya na zaune a bakin ƙofa tana tantance masu shiga. Auta ta haddace maganarta tun a hanya, ta zubo ta gaba ɗaya ba numfashi: idon Baba ya tashi da zafi, kansa na sarawa, ko karyawa bai yi ba.

Ma'aikaciyar ta ɗago ta dubi Baba, wanda ke tsaye tsaf da hannaye a baya.

"Sannu, Baba. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Idon yana ciwo yanzu?"

Auta ta matse masa hannu. Ya buɗe baki, ya rufe. A bayansu aka shigo da wani saurayi a kan gadon turawa, ƙafarsa naɗe da tsumma ja jawur. Baba ya juya kansa gaba ɗaya ya bi gadon da kallo.

"Gaskiya, 'yata, ba ya ciwo. Ku ji da wancan."

"To ku koma ɓangaren ido, Baba. Za a turo muku saƙo."

Sai da suka kusa shago Baba ya ce, "Kin yi fushi."

"A'a."

"Na so in faɗa. Bakina ne ya ƙi."

Saƙon ya riga su isa. Bai zo ba karo na biyu. Wata huɗu.

Yaya ya je asibitin da kansa ya yi ta ɗaga murya a bakin ƙofa, har aka kira masu tsaro suka raka shi waje. Aka ce ya rubuta koke ya jefa a akwati. Ya rubuta, ya jefa. Ya tambayi wani asibitin, aka ce likitan idonsu ya bar aiki, nan ɗin dai suke tura mutane.

A wata na biyu Baba ya haɗa hannun riga a baibai, ya farke, ya sake haɗawa a baibai. A wata na uku allurar keke ta shige masa yatsa ta fito ta farce. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Auta, juya min keken baya." Ta juya, ta ɗaure masa yatsan. Washegari ya ja kujerarsa zuwa bakin ƙofa, ya ce daga yau shi ne mai karɓar baƙi, ita ce tela. Yana jin ƙarar keken ya san in ta karkace. "Sassauta ƙafa," yakan ce. "Ba tsere ake ba." Magani kuma bai fasa ba ko sau ɗaya. Yakan ɗaga kai ta ɗiga masa, ya ƙifta, ya ce, "To, mun shayar da shi."

Ranar ta cika. Yanzu hannunsa a kafaɗarta yake tafiya. Rumfa na nan cike. Direba ba ya nan, wata mata ta ce an yi masa aiki makon jiya, har ya zo ya yi musu ba'a ya tafi.

Ƙarfe tara da rabi Maigadi ya kira sunan Baba.

Zauren da sanyi. Mai Taga ta buga isowa ba tare da ta ɗago ba. Kofin shayin na nan, da takardu a ƙarƙashinsa. Ko zama ba su gama yi ba aka ce su shiga.

Likita ya daɗe yana haska idon. Ya sa Baba ya kalli hancinsa, ya riƙa kawo yatsu ta gefe yana tambaya ko ya gani. Baba ya ce a'a. Ta sama, a'a. Ta ƙasa, a'a. A gabansa daidai, Baba ya ce, "Kamar wani abu ya gifta."

Likita ya koma kujera ya dubi kwamfutarsa. Ransa a ɓace.

"Wata ɗaya na ce muku. Wata ɗaya! Yau wata nawa? Sau biyu ana ba ku rana ba ku zo ba. Ke ce 'yarsa? Na ce miki kada ku yi wasa da ranar."

"Mun zo."

Muryar Auta ta fito da ƙarfin da ya ba ta tsoro.

"Ga shi a rubuce..."

"Mun zo, Likita. Tun ƙarfe takwas, duka biyun. Muna rumfar kwano ta bakin katanga. Daga tagar nan taka ana hango ta."

Likita ya waiwaya. Labulen tagar a sauke yake. Ya kai hannu kamar zai ɗaga, sai ya fasa.

Da ya yi magana, a hankali ya yi. Ya ce za a yi aikin cikin makon nan, shi da kansa zai rubuta ranar a takarda. Amma kada su sa rai da yawa. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne. In an dace, Baba zai ci gaba da bambanta dare da rana.

"Allurar ɗinki fa?" in ji Baba.

"A'a, Baba."

"To. Dama na gaji da ita." Ya laluba ya miƙa wa likita hannu. "Mun gode. Allah ya saka."

A bakin ƙofar fita wani ma'aikaci mai ɗauke da fayil ya tare su da fara'a.

"Baba, kafin ku tafi, a danna mana. Yaya kuka ga aikinmu yau? Minti nawa kuka jira?"

"Ko goma ba a yi ba," in ji Baba. "Auta, ina abin yake? Ɗora min yatsa a kan mai dariyar. Yaran nan suna ƙoƙari, kada a kira su ofis."

Auta ta kama hannunsa. Yatsan nan ne mai tabon allura, farcen bai gama fitowa ba. Ta dubi fuskokin uku. Ta ɗaga yatsan, ta wuce koriyar, ta wuce rawayar, ta ɗora shi a kan ja, ta danna.

Na'urar ta yi 'yar ƙara, ta rubuta godiya. Ma'aikacin ya riga ya juya wajen na bayansu.

"Mai dariyar ce?" Baba ya tambaya.

"Ita ce, Baba."

"Madalla."

Ta mayar da hannunsa kafaɗarta suka fito. Rana ta bugi fuskarsa, ya tsaya ya ɗaga kai yana neman inda take. Daga rumfa wani ya ɗaga murya yana tambaya ko likita na ciki yau. Baba ya juya wajen muryar, ya ce yana ciki, a yi haƙuri, za a kira.

"Akwai matakala," in ji Auta. "Biyu."